Takardar Akawu a Tebur na Tara

Ƙarfe tara da rabi na safe Akawu ya shiga zauren makarantar da ake gasar ces, wasan darar nan na Turawa, biro biyu a aljihun gaba, gorar ruwa a hannu, ya tsaya gaban allon sanarwa yana neman sunansa. Zagayen ƙarshe ne na rukunin dattawa, 'yan shekara sittin zuwa abin da ya yi sama. An ba shi tebur na tara, fararen 'ya'yan wasa ne nasa, abokin karawarsa kuwa Direba. Da a bara ne da sai ya yi dariya, don shekara ashirin ke nan shi da Direba suna lallasa juna a kan benci a bayan tashar mota. Yau ya karanta, ya sake karantawa, ya je ya zauna.

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabonsa da jin wani abu a ransa, tun ranar da 'yarsa ta kai shi wajen likita. Dalilin kai shi ɗin ma, in ta bakinsa za ka ji, bai taka kara ya karya ba. Aski ya je, ya fito, ya tsaya a bakin titin da ya shekara ashirin da shida a kansa, ya rasa hagu zai yi ko dama. Mai kantin magani ne ya hango shi yana kai da kawo cikin rana, ya rako shi har gindin bene, sannan, da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya buga wa 'yar Akawu waya. Kafin nan akwai butar shayi da ta ƙone ƙurmus a kan risho, sau biyu.

Likitan mai sanyin murya ne, irin masu yi maka magana kamar kwai suka ɗauko. Ya faɗa masa kalmomi uku ya ce ya riƙe, ya ja shi da hira, can ya ce ya maimaita. Akawu ya kawo ɗaya. Jama'a, mutumin da ya shekara talatin da biyu yana rubuta shari'a a kotu, lauyoyi na zuba babu waƙafi, ko wasali bai taɓa yarwa ba, shi aka ce ya riƙe kalma uku ya kawo ɗaya! Likita ya ce ciwon mantuwa ne, farkonsa ne, ba ya warkewa amma ana rage masa gudu, kuma zama shi kaɗai ya ƙare. Akawu ya jira tsoro ya zo, bai zo ba. Ya jira fushi, shi ma shiru. Sai ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta ba ka ji. Yana cin abinci, yana wanka, yana amsa gaisuwa, iyakarta ke nan.

'Yar tasa malamar makaranta ce, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ba ta iya jan magana ba. Kafin mako ya zagayo ta kwashe kayan ɗakin baƙi a gidanta, ta sa an yi fenti, ta zo ta same shi a ɗakunansa biyu da ke saman shagon buga takardu, inda injin ƙasa yake girgiza masa kofi tun safe, inda kujerar marigayiya matarsa take nan bakin taga yadda ta bar ta.

"Baba, ba don jin daɗina nake roƙonka ba. Gobara nake tsoro."

"Uwata, mutumin da kansa ya taɓu yana cin wasan ces?"

"Ni ina na sani, Baba?"

"Ba ya ci. Ranar Asabar ta sama za a yi wasan ƙarshe. In na ci, ki bar ni a ɗakina har shekara ta zagayo. In aka ci ni, ko aka tashi canjaras, zo da mota ki kwashe ni da tarkacena."

Ta dube shi. Ta yarda, ba don maganar ta shige ta ba, sai don ta gaji, kuma ta san ubanta ba ya magana biyu.

To, ga Asabar ɗin ta zo. Zauren dogo ne, tebur ashirin a jere, kujerun na ɗalibai ne, gajeru, dattawa sai zama suke gwiwa na taɓo ƙasan tebur. A bango akwai zanen cikin ɗan Adam da hanji a waje, an manta ba a cire ba. Fanka huɗu na juyawa, ɗaya na ƙara ƙit-ƙit. Alƙalin wasa, wani tsohon malamin motsa jiki da tumbi ya riga shi shiga ko'ina, yana bi tebur tebur da kwali yana karɓar wayoyi. A kan kowane tebur akwai allo, da agogo mai fuska biyu, da takarda falle biyu da kabon a tsakani ga kowane ɗan wasa. Dokar gasa ce: kowace tafiya sai ka rubuta ta, taka da ta abokin karawarka, layi layi, in an gama ku sa hannu, alƙali ya ɗauki ta sama ka tafi da ta ƙasa.

Direba ya iso saura minti biyu, yana share zufa da hula. Ƙato ne, shekara talatin yana jan doguwar bas, kuma Allah bai ba shi raɗa ba. In ya ce zai yi maka magana a kunne, na bakin ƙofa ma ya ji.

"Akawu na kotu! Yau ma Italiyar za ka kai mu?"

"Ai ka san hanya."

"Na san ta har ramukanta. Kai dai ba ka gajiya da abu ɗaya. Mutum shekara arba'in kullum ta ƙofa ɗaya yake shiga gida!"

Alƙali ya yi musu tsawa da ido. Aka yi musafaha, Direba ya danna agogo, zauren ya ɗauki shiru.

Akawu ya tura sojan da ke gaban sarki gida biyu. Direba ya tare shi da nasa. Doki ya fito, doki ya fito. Giwar Akawu, mai tafiya a karkace, ta fito ta tsaya tana hangen kusurwar sarkin baƙaƙe, giwar Direba ta yi haka ita ma. Wannan shi ne buɗin da 'yan ces ke kira na Italiya, tsoho ne tukuf, ya yi ɗaruruwan shekaru ana buga shi. Samari na cewa buɗin masu fansho ne, don ba a zubar da jini da wuri, kowa sai ya gyara gidansa tukuna. Akawu ya matsa wani soja gida ɗaya, Direba ya fito da dokinsa na biyu. Soja, soja. A tafiya ta shida kowa ya kai sarkinsa lungu, hasumiya ta tsallako ta tsaya masa a ƙofa. Duk wannan ko minti uku bai ci ba. Hannun Akawu ne ya buga, kansa bai sa baki ba.

Yadda yake rubutu kuwa kowa a gasar ya san shi da shi. Ba ya kallon takarda. A kotu ya koya, inda in ka sunkuyar da kai mai ba da shaida zai haɗiye rabin magana, don haka idonsa na kan bakin mai magana, hannu na aikinsa a ƙasa. A nan ma haka: ido a kan allo, ɗan yatsan hagu yana riƙe da layi, in an yi tafiya biro ya rubuta, in layi ya cika yatsa ya sauka ƙasa da kansa. Kowane gida a allon yana da suna, harafi da lamba, kuma Akawu bai taɓa ɓata ko ɗaya ba. Har alƙalai kan ɗauki takardarsa su nuna wa sababbin 'yan wasa su ce ga yadda ake yi.

Daga tafiya ta bakwai hadda ta ƙare, sai tunani. Nan ne ya sa ran allon zai juye masa kamar yadda titi ya yi masa ranar aski. Ya zuba ido yana jira. Bai juye ba. Ga farare, nasa ne. Ga baƙaƙe, na Direba. Ga dokinsa na hagu da ke zaune a gida bai fito ba, ga kuma hanyar da zai bi, ta bayan sojoji, tsalle huɗu, har ya je ya tsaya a gaban sarkin Direba. Ya gan ta tar. Bai yi murna ba, ya dai ɗauki dokin ya fara.

Direba wasansa irin tuƙinsa ne, ba ya son tsayawa a bayan kowa. Ya fara turo sojoji ta ɓangaren sarauniya yana huci, yana dangwara su da ƙarfi har agogo na motsi. A tafiya ta goma sha ɗaya ya matsa sojan da ke gefen sarkinsa gida ɗaya, don kada giwa ta zo ta dame shi. Akawu ya ga wannan sojan, ya ajiye shi a ransa.

Wajen tafiya ta goma sha biyar ya ɗaga kai don ya sha ruwa, sai ya ga bai san zauren ba. Wasu tsofaffi ne birjik a kan kujerun yara, kowa ya dafe kai, ga hanji a bango. Jarrabawa ake yi? Wa ya kawo shi? Ƙaton da ke gabansa yana sosa gemu, ya san fuskar, sunan ne ya ƙi zuwa. Ya riƙe gorar a baki bai sha ba. Da ya mayar da ido kan allo sai ya tarar da komai na nan inda ya bari, doki saura tsalle ɗaya, sojan nan na gefe yana tsaye shi kaɗai. Ya ajiye gorar. Daga nan bai sake ɗaga kai ba.

Doki ya isa. Sarauniya ta matso ta tsaya kusa. Direba yana can yana cin wani soja a ɗaya ɓangaren, har yana kaɗa ƙafa. A tafiya ta ashirin da huɗu Akawu ya ɗauki giwarsa ta biyu, wadda tun safe take kallon sojan gefen nan daga nesa, ya cinye sojan da ita, ya ajiye ta a inda za a cinye ta a banza, ya danna agogo.

Ƙafar Direba ta tsaya. Ya dubi giwar, ya dubi Akawu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya yi minti ashirin bai motsa ba. In ya ci giwar, ƙofar sarkinsa ta buɗe, sarauniya ta shigo, doki na tsaye yana jiranta. In bai ci ba, an ci masa soja kuma giwar na nan a tsakar gidansa. Waɗanda suka gama wasanninsu suka fara taruwa a bayansu, hannu a baya, ana taɓa juna da gwiwar hannu. Direba ya ci giwar, don shi ba mutumin da za a shigo masa gida ya yi shiru ba ne. Daga nan sai gudu. Ya ba da doki, ya ba da hasumiya, sarkinsa na ta zillewa daga gida zuwa gida. A tafiya ta talatin da ɗaya Akawu ya matsa sarauniya gida ɗaya tak, a hankali. Direba ya dube ta, ya yi tsaki, ya kwantar da sarkinsa, ya miƙo hannu.

"Kai, Akawu! Allah ya isa tsakanina da giwar nan."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wani ya dafa kafaɗar Akawu. Shi kuwa wani ɗan ɗumi ya ji ya taso masa a ƙirji, kaɗan, na farko cikin kwana goma sha ɗaya. Ya ci. Ɗakinsa nasa ne har shekara. Ya rubuta sakamako a gindin takarda, ya tura wa Direba don ya sa hannu, ya jawo ta Direba ya sa nasa.

Da ya ɗago sai ya ga Direba riƙe da biro a sama bai sa hannu ba. Yana kallon takardar, bakinsa a ɗan buɗe. 'Yan kallo sun riga sun watse zuwa tebur na huɗu inda ake wani rikicin. Direba ya turo takardar a hankali, kuma a karon farko tun da Akawu ya san shi, ya yi magana ba wanda ya ji sai su biyu.

"Akawu, duba takardarka."

Ya duba. Rubutunsa ne, tsaf, kowane harafi a tsaye. Layi na ɗaya zuwa na shida buɗin Italiya ne, daidai yadda aka buga. Layi na bakwai kuma sai ga tafiyar farko ta dawo, sojan gaban sarki gida biyu, da amsar Direba. Doki, doki. Giwa, giwa. Har zuwa kai sarki lungu. Layi na goma sha uku, aka sake daga farko. Haka na goma sha tara, haka na ashirin da biyar. Tafiyar dokin nan mai tsalle huɗu ba ta ciki. Giwar da ya bayar ba ta ciki. A layi na talatin da ɗaya, inda ya kamata a ga sarauniyar da ta gama wasan, tafiyar farko ce zaune ita kaɗai, gefenta babu komai.

Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, yadda yake duba aikin sabon ma'aikaci a kotu. Ɗumin nan ya tafi. Abin da ya zo a madadinsa babu, sai ƙarar fankar nan.

Alƙali ya iso yana numfashi. Direba ya yi wuf ya sa hannu, ya kife takardar Akawu, ya ɗora ƙaton tafinsa a kai, ya miƙa tasa.

"Malam, ɗauki tawa, duk mun sa hannu. Tasa na zuba mata ruwa, haushin giwa."

Alƙali ya dube shi, ya dubi tebur busasshe, ya dubi Akawu. Mutum ne mai tebur ashirin a wuya da yunwa a ciki. Ya karɓa ya yi gaba. Direba ya ninke takardar falle biyun ya cusa wa Akawu a aljihu, bayan birai.

"Ka ci ni, ci na gaskiya, kowa ya gani. Wannan kuma babu mai ji daga bakina." Ya tsaya yana juya hula a hannu. "In raka ka gida?"

"Uwata na waje."

Tana waje kuwa, ta ajiye mota a inuwar wata bishiya bakin ƙofar makaranta, ta buɗe ƙofa saboda zafi, tana duba littattafan ɗalibanta a kan sitiyari. Kafin ya ƙaraso wani dattijo mai sanda ya riga shi, ya leƙa ta taga yana cewa, "Ke ce 'yar Akawu? Yau babanki ya yi wasan shekara! Kyautar giwa sukutum!" Ya wuce yana girgiza kai.

Akawu ya shiga ya zauna, ya ja ƙofa. Ta ajiye jan biron tana kallonsa.

"Da gaske, Baba?"

"Na ci."

Ya zaci za ta ɓata rai. Ina! Sai fuskarta ta saki, ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa. Ashe kwana goma sha ɗayan nan ita ma ba zaune take ba.

"Alhamdu lillahi. Wallahi Baba na fi ka murna. Ƙila likitan nan ya cika baki ne, ai suna yi. Magana magana ce, ka zauna a ɗakinka. Zan dai sa a canja maka risho, kar ka ce a'a." Tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ta kunna mota.

Ba ta tambayi takarda ba, ba ta ma san ana yin ta ba. Da ya yi shiru, shi ke nan, shekara guda tasa ce. Ya zauna yana jin kaurin takardar a ƙirjinsa ta cikin riga. Sai ya ga hannunsa ya shiga aljihu ya ciro ta, ya warware, ya miƙa mata.

Ta karɓa tana murmushi. Ita ces ba ta san kansa ba, haruffa da lambobi kawai take gani a jere.

"Tubarkalla. Dubi rubutu, Baba, ko gogewa babu. Ɗalibaina su zo su gani."

A nan ne abin ya zo masa, a cikin mota, da rana tsaka. Tsoro ne, tsoro sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana ƙarami. Ya nuna mata saman takardar da yatsa.

"Uwata, karanta mini layi na ɗaya."

"E huɗu, e biyar."

"Na bakwai fa?"

Ta sauke yatsa. "E huɗu, e biyar."

"Na goma sha uku."

Ta karanta a zuci. Yatsanta ya ci gaba da sauka, yana tsayawa, yana sauka, har ƙasa.

"Soja ba ya komawa baya a wasan nan," in ji shi. "Sau ɗaya ake yin wannan tafiyar. Awa uku ina rubutu, ban san abin da nake rubutawa ba."

Ta kashe motar. Suka zauna, tana riƙe da takardar da hannu biyu. 'Yan wasa na ta fitowa daga zauren biyu-biyu suna gardama, kowa na zana tafiya a iska da yatsa. Direba ya fito, ya hango su, ya bi ta ɗaya ƙofar.

"Amma ka ci, Baba," ta ce. "Ka ci fa."

"Na ci." Ya ɗaura bel, ya gyara zama, ya dubi titi. "Mu biya ta ɗakina in nuna miki inda komai yake, tun ina sani."